Yadda Ake Binciken Tsutsotsi Masu Faɗi a Cikin Ƙumbar Ruwa 'Yar Mamaya

Tun ranar da na saka ɗan bidiyon nan na wata mitsitsiyar halitta mai ƙaho biyu tana mutsu-mutsu a ƙarƙashin maikiroskof, saƙonni ba su yanke ba. Wasu ɗalibai ne da karatu ya kai su Turai ko Amurka aka haɗa su da wannan aiki. Wasu kuma suna gida, sun saba da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya, suna son sanin ko hanyar ɗaya ce. Tambayar dai ba ta sauyawa: daga ina ake farawa, me ake yankawa, me ake nema? Amsa wa mutum ɗaya-ɗaya ya ishe ni, shi ya sa na jera yadda nake yi a tafkunan arewacin ƙasar Folan, daga bakin ruwa har zuwa kwandon shara.

Tsutsotsin da muke nema dangin tsutsar tsargiya ne da tsutsar hantar shanu, waɗanda masana ke kira tirematoda. Ƙumbar kuwa ita ce halittar ruwa mai ɓawo biyu da ke buɗewa kamar littafi. Sakkwatawa kada ku ce farce nake nufi.

Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu don kada ranka ya ɓaci a tsakiyar aiki. Mafi yawan ƙumbar da za ka buɗe lafiyarsu ƙalau, ba komai a ciki. Duk wahalar da ke ƙasa an shirya ta ne don idan ka ce "babu" a yarda da kai, idan kuma ka samu guda ɗaya kada ta lalace a hannunka.

1. Tabbatar da wace ƙumba ce, ka nemi izini

Uku ne suka fi damun duniya. Ta farko Dreissena polymorpha, mai zane-zane irin na jakin dawa. Asalinta yankin Bahar Aswad da Tekun Kasbiyan ne, ta bi magudanan jiragen ruwa ta cika Turai, sannan a 1988 aka gan ta a Tafkin St. Clair tsakanin Amurka da Kanada. Ta biyu 'yar uwarta ce, kwaga, Dreissena bugensis, daga bakin kogunan Yukren. Ta uku Limnoperna fortunei, mai ruwan zinariya, 'yar ƙasar Sin, wadda ta bayyana a Ajantina a 1991, ta kuma isa Kalifoniya a 2024. Dukansu ƙanana ne, galibi santimita 2 zuwa 3, kuma suna manne wa dutse, bututu da gindin jirgi da wasu zaruruwa masu ƙarfi da nake kira gemu.

Raba mai zane da kwaga shi ne wurin da sababbi ke faɗuwa, don zanen kansa ba abin dogaro ba ne. Ɗora ta a kan tebur ta gefen da gemun ke fitowa. Mai zane cikinta a shafe yake da kaifin gefe, za ta zauna daram. Kwaga cikinta a zagaye yake, sai ta kife. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wurare da yawa inda suke zaune tare an fi samun tirematoda a mai zane. Idan ka cakuɗa su a lissafi ɗaya, sakamakonka ba ya nufin komai.

A kula: kada ka taɓa ruwa kafin ka san doka. A Amurka dokar tarayya ta sa ƙumba mai zane cikin halittu masu cutarwa, jihohi da dama kuma sun hana riƙe ta da rai ba takarda. A Turai tafkuna da yawa suna cikin yankin da aka keɓe. Malaminka ya san ofishin da ke ba da takardar. Ka nema da wuri, don takarda ba ta san bazara na wucewa ba.

2. Haɗa kaya

Na bakin ruwa: kula mai riƙe sanyi, tsummoki ko tawul, wuƙar kankara irin ta masu fenti, ƙaramin almakashi, ledoji masu zif, safar hannu mai kauri, takalmin ruwa, ma'aunin zafi, jarka don ɗebo ruwan tafkin, da fensir. Na ce fensir, ba biro ba. Dalilin yana zuwa.

Na ɗakin bincike: maikiroskof iri biyu, na fiɗa mai ido biyu da ke ƙara girma sau 10 zuwa 40, da babba mai kai wa sau 100 da 400. Sai ƙananan kofunan roba masu haske kamar 100, farantan gilashi na Petri, askar tiyata, matsefata mai siririn baki guda biyu, allurai biyu da aka kafa a kan itace, fifet (siririn bututun zuƙo ruwa a ɗiga), gilasan silaid da murfinsu, falankin gilashi biyu masu kauri don matse nama, ma'aunin tsawo irin na makanikai, famfon iska na tankin kifi, ƙananan kwalabe masu murfin murɗawa, itanol da fomalin (sinadaran adana samfur), da bilic.

Maganar kuɗi. Maikiroskof ba a saye, na sashe ake amfani da shi, sai dai ka yi rajistar lokaci. Kofuna, allurai da tsummoki kuɗin cefane ne, ni a kantin kayan abinci na sayi kofunana. Wurare uku ne kuɗi ke tafiya da gaske: itanol mai tsabta, zirga-zirgar mota ko kwalekwale zuwa tafki, da karanta DNA, wanda ake biya kan kowane samfur. Abin da ya fi su duka tsada kuwa lokacinka ne. Da hannuna ya saba, ƙumba ɗaya tana cin mini kamar minti 10. Ka lissafa 200 ka gani, mako guda ne cur.

A kula: sifirit na kemis ba itanol ɗin da ake nufi ba ne. An gauraya shi da wasu sinadarai, yana iya ɓata maka DNA. Ka nemi mai kashi 96 daga ma'ajiyar sashe.

3. Yanke adadi kafin ka fita

Nan ne mafi yawan ayyukan ɗalibai ke mutuwa tun ba a haife su ba. Mutum ya buɗe 30, bai ga komai ba, ya rubuta cewa tafkin ba tsutsa. Alhali tsutsar da ke mai da ƙumba gidan haihuwarta sau da yawa tana cikin kashi kaɗan ne cikin 100. Lissafin ba wuya. Idan 2 cikin 100 ne ke ɗauke da ita, ka buɗe 30, yiwuwar ba za ka ci karo da ko ɗaya ba ta haura rabi. Kamar ka jefa kwabo sama ne.

Ƙa'idar da nake bi: raba 3 da mafi ƙarancin kason da kake son kamawa, ka ninka da 100. Kana son ka kama cutar da ke cikin kashi 5, buɗe kamar 60. Kashi 2, buɗe 150. Kashi 1, buɗe 300. Wannan zai ba ka tabbacin kusan kashi 95 cewa idan tana nan za ka gan ta. Adadin kuma na kowane wuri ne, a kowace fita, ba jimillar shekara ba. Gara ka ɗauki wurare biyu ka yi musu aiki sosai da ka ɗauki shida ka yi ta lasa.

Lokacin fita ma yana cikin lissafi. 'Ya'yan tsutsa suna fitowa ne idan ruwa ya ɗumama, saboda haka a Turai daga Yuni zuwa farkon Satumba ne kasuwar ke ci.

4. Ɗebowa

Nemi duwatsu, ginshiƙan gada, sanduna da igiyoyin da suka daɗe a ruwa, daga zurfin gwiwa zuwa ƙugu. Ɗago dutsen gaba ɗaya idan zai ɗagu, ka yi aikin a waje. Sa almakashi ko bakin wuƙa ka yanke gemun a daidai jikin dutsen.

A kula: kada ka fizge. Gemun yana da saiwa a cikin naman ƙumbar, idan ka ja da ƙarfi ka yage ta daga ciki. Za ka gan ta kamar lafiya lau a leda, washegari ka same ta baki buɗe tana wari.

Kada ka kwashe duka daga dutse ɗaya. Ɗauki 10 nan, ka yi taku 20, ka ɗauki wasu. Ka fi karkata ga manya, daga milimita 15 zuwa sama, don wadda ta daɗe tana tace ruwa ita ta fi samun damar haɗiye cuta. Amma duk ma'aunin da ka zaɓa ka rubuta shi, ka riƙe shi a kowane wuri. Gefen ɓawon yana yanka kamar reza, safar hannu ba ado ba ce.

Za ka ga tarin mai zane sun hau bayan manyan ƙumba 'yan asalin wurin har sun kusa rufe su. Yanke baƙin, ka mayar da mai gida inda ka same shi. Wasu daga cikinsu, irin su Unio crassus, doka ta kare su a Tarayyar Turai.

Rubuta wuri, rana, zafin ruwa da zurfi da fensir a 'yar takarda, ka jefa cikin ledar. Cika jarkarka da ruwan wurin.

Ga masu son gwada hanyar a gida kan ƙumbar kogunanmu da madatsun ruwa: aikin ɗaya ne, amma ruwanmu yana da tsargiya, kuma ta fata take shiga. Ba a shiga sai da dogon takalmin roba da safar hannu har gwiwar hannu.

5. Kawowa da ajiyewa

Kuskuren da kowa ke yi a fitar farko shi ne cika bokiti da ruwa, a zuba ƙumba, a rufe. Cikin sa'o'i kaɗan iskar ruwan ta ƙare, ɗaya ta mutu, ta kashe sauran. A jiƙe ake kawo su, ba a nitse ba. Naɗe su a tsumma mai danshi, ka sa a kula, ƙanƙara a gefe ɗaya da kwali a tsakani. Suna jure kwanaki a haka muddin akwai sanyi da laima, wanda shi ne ma dalilin da ya sa suke bin kwalekwale daga tafki zuwa tafki.

Da isowa, goge bayan kowace da tsohon buroshin haƙori, ka sa su a ruwan tafkin da ka tace, da famfon iska, a wuri mai sanyi. Wadda ta buɗe baki ka taɓa ta ba ta rufe ba ta mutu, fitar da ita. Ka gama da su cikin kwana 2 zuwa 3.

A kula: kada ka sa su a firiza da niyyar dubawa daga baya. Motsi ne ke tona asirin tsutsa. Bayan ƙanƙara ta narke komai ya zama kunu, ba ka bambance nama da baƙo.

6. Kowace ta kwana a kofinta

Waɗanda suka yi aikin dodon koɗi sun san wannan mataki. Sa wa kofuna lamba. Kowane kofi ƙumba ɗaya, da tataccen ruwan tafki daidai yadda zai rufe ta. Jera su a ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 24, ƙarƙashin fitila mara zafi. Duba bayan sa'a 3 ko 4, sannan ka kashe fitila su kwana, ka sake dubawa da safe.

A kula: ban da ruwan famfo kai tsaye. Kulorin da ke ciki zai sa ƙumba ta ƙulle bakinta ta ƙi tace ruwa. Idan ruwan tafki ya ƙare, tari na famfo ka bar shi a buɗe da famfon iska na kwana biyu.

Yadda ake dubawa: ɗaga kofin zuwa haske, ka sa baƙin kwali a bayansa. Abin da kake nema fararen ɗige-ɗige ne da ke motsi da kansu, wani lokaci sun taru a ƙasan kofi kamar zaren auduga da ya cukurkuɗe. Daga nan sai ka ɗora kofin a ƙarƙashin maikiroskof na fiɗa.

Idan Allah ya ba ka sa'a, abin da ke cikin bidiyon nan za ka gani: sarkariya, wato ɗan tsutsa mai iyo, na Bucephalus polymorphus. Jikinsa ɗan mitsitsi ne, amma a bayansa akwai wutsiya biyu dogaye, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu. Sai su miƙe su ninka jikin sau da yawa, sai su nannaɗe su dawo, sai su sake miƙewa. Karon farko da na gani, bijimin rahaji ne ya faɗo mini a rai, kuma ashe wanda ya raɗa sunan ma haka ya gani, don ma'anar Bucephalus a Girkanci kan sa. Da wannan wutsiya yake maƙale wa ƙananan kifaye dangin kaf, ya huda fata ya ƙulle kansa a fiffike ko tsoka, yana jiran babban kifi mai farauta, Sander lucioperca, ya haɗiye mai ɗauke da shi. A hanjin wannan ne yake balaga ya yi ƙwai, ƙwan ya koma ruwa, abin da ya ƙyanƙyashe ya shiga wata ƙumbar.

Duk kofin da ya nuna wani abu, ware shi gefe, ka ɗauki bidiyo nan take ta idon maikiroskof da wayarka. Sarkariya ba ya daɗewa, kwana ɗaya ko biyu ya mutu.

A kula: kofin da bai nuna komai ba ba shaida ba ce cewa ƙumbar lafiya take. Cutar na iya zama ba ta gama girma ba tukuna, wasu irin kuma ba sa fitowa ko kaɗan. Duk wadda ta kwana a kofi sai an buɗe ta.

7. Aunawa da buɗewa

Auna tsawon ɓawo da milimita ka rubuta gaban lambarta. Riƙe ta da yatsu biyu, ka zura bakin aska ta 'yar kafar da gemun ke fitowa. Kwantar da askar a jikin ɓawo ta ciki, ka bi da ita zuwa faffaɗan ƙarshen, inda babbar tsokar da ke rufe ɓawo take. Da ka yanke ta za ka ji ƙumbar ta saki. Koma ƙarshen mai tsini ka yanke ƙaramar. Buɗe a kan farantin Petri don ruwan da ke ciki ya zuba a faranti, kada ya tafi a tebur.

A kula: askar ta bi ɓawo, kada ta nutsa cikin nama. Idan ka huda gurbin iri, ƙwai ko maniyyi zai mamaye farantin kamar an zuba madara, ba ka ƙara ganin komai.

Zuba ɗan tataccen ruwan tafki ya rufe naman. Wani ɗalibin likitanci ya taɓa ba ni shawarar ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9, na bi, na ga tsutsotsina sun yamutse. Jinin ƙumbar ruwan daɗi tsararo ne ƙwarai, wancan gishiri ya yi masa yawa nesa ba kusa ba.

8. Dubawa sashe-sashe

Tsarin da za ka bi: ido kafin allura, allura kafin matsi. Kowane mataki yana ɓata abin da na gabansa zai nuna, don haka ba a tsallake.

Fara da kallo kawai, a girma sau 10. Duba ruwan farantin, duba siririn mayafin naman da ke manne da ɓawo, duba launin jikin gaba ɗaya.

Sai ganyayen numfashi, shafuka biyu a kowane gefe masu layi-layi kamar matsefi. Yanke su ka shimfiɗa a silaid, ka haska daga ƙasa. Idan ka ga gajerun jakunkuna masu launin ɗorawa-ɗorawa kwance tsakanin layukan, waɗanda sau da yawa ido ma yana gani, wannan Phyllodistomum ne. Jakar ita ce siforosis, inda 'ya'yan tsutsa ke girma. Manyan wannan iri a mafitsara da hanyoyin fitsarin kifi suke zama.

Daga nan koma bayan ƙumbar, kusa da inda ɓawo biyu suka haɗu. Zuciya da ƙoda suna wurin, a cikin wani ɗan fili mai siririn rufi. Tsaga rufin a hankali da allura. Nan Aspidogaster yake son zama. Ba za ka rikita shi da kowa ba: ƙasan cikinsa faifai ne babba da aka rarraba gida-gida kamar saƙar zuma, yana tafiya a hankali yana miƙa wuya. Wannan ana iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya, ka ƙirga.

Sai babban wurin, gurbin iri, wanda ya lulluɓe yawancin jikin, da hanta mai launin ƙasa-ƙasa da kore a cikinsa. Sa allura biyu ka ɓarka shi. A lafiyayyar ƙumba lokacin bazara, gajimaren ƙwai ko maniyyi ne zai tashi. A wadda Bucephalus ya kama, sai ka ga farin zare yana biyo allurar, ka ja ya ƙi ƙarewa, yana rassa kamar saiwar ciyawa, wani wuri kumbure wani wuri siriri. Tsaga kumburin, sai 'yan sarkariya su zubo, wasu da ƙaho cikakke, wasu tukuna dunƙule. Nemi ƙwai ka rasa. Tsutsar ta cinye gurbin ta zauna a madadinsa, ta dandaƙe ƙumbar ke nan, tana ci tana numfashi amma aikin wani take yi. Zaren ba ya ƙirguwa, saboda haka ba shi maki: 1 idan ɗan yanki ne, 2 idan ya kai rabi, 3 idan ya cinye duka. Ka rubuta ko namiji ne ko mace, ko kuma ba a iya ganewa.

Na ƙarshe matsi. Tattara duk naman da ya rage, ka yanka ƙanana, ka sa tsakanin falankin gilashi biyu, ka danna har ka iya karanta rubutu ta cikinsa. Bi shi layi-layi. Kana neman ƙananan ƙulli zagayayyu masu bango, ƙasa da rabin milimita, da tsutsa naɗe a ciki. Ɗauko ɗaya ka duba a girma sau 400. Idan akwai kambin ƙayoyi kewaye da baki, dangin Echinoparyphium ne, wanda ke fara rayuwa a dodon koɗi, ya ɓuya a ƙumba, ya ƙare a hanjin agwagin ruwa. Wanda bai matse nama ba ba zai taɓa ganin waɗannan ba.

A kula: ba duk mai motsi ne tirematoda ba. Ƙumba mai zane a Turai kusan kullum tana ɗauke da wasu halittu masu ƙwaya ɗaya, Conchophthirus, da ke sulɓi a kan ganyayen numfashi. Gashi-gashi ne ke tura su, ba su da bakin tsotso. Za ka kuma ga siraran tsutsotsi masu bulala da jiki, da wasu masu gaɓa-gaɓa da ƙananan gashi, da 'ya'yan ƙwari. Rubuta su a wani shafi dabam. Tirematoda jikinsa a shafe yake, yana miƙewa yana tsukewa kamar matsattsaku.

Inda kake aiki yana faɗa maka abin da za ka sa rai. A Amurka, mai zane ta iso ba tare da Bucephalus polymorphus ba, don ana ganin a matsayin 'yan tayi ta zo cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗauka don daidaita nauyi, kuma tsutsar ba ta kama tayi. A can abin da aka fi gani na gida ne da suka koma kanta. A Japan kuwa akasin haka aka gani. Ƙumbar zinariya ta zama masaukin wasu dangin Bucephalus a Kogin Uji, har a wajen shekarar 2000 aka ga ƙananan kifayen kogin suna galabaita saboda yawan ƙulli a jikinsu.

Tsakanin kowace ƙumba da ta gaba, wanke aska, allura da matsefata, ka sauya faranti. Sarkariya ɗaya da ya biyo matsefata ya isa ya ƙara maka cutar ƙarya.

9. Adana abin da ka samu

Raba kowane samu gida uku, kuma a wannan jeri.

Na farko, mai rai. Ɗiga shi a silaid da ɗan ruwa, ɗora murfi a hankali, ka zuƙe rarar ruwan da gefen takarda har tsutsar ta lafa ba ta fashe ba. Ɗauki hoto da bidiyo, tare da ma'auni a cikin hoton. Wasu sassan jiki a mai rai kaɗai ake ganinsu.

Na biyu, na DNA. Ɗauraye zaren ko sarkariyan a ruwa mai tsabta sau biyu ko uku don naman ƙumba ya fita, ka sa a itanol mai kashi 96, itanol ya ninka naman aƙalla sau 10. Washegari sauya itanol ɗin, ka ajiye a firiza. Yankunan DNA da aka saba karantawa su ne 28S, ITS2 da cox1. Idan kuɗi kaɗan ne, fara da 28S. Ga ƙulli da jakunkunan da ba su gama girma ba, da wuya ido ya kai ka ga sunan jinsi, sai wannan hanya.

Na uku, na siffa. Ɗumama fomalin mai kashi 4 har ya fara tururi, ka zuba wa tsutsotsin, za su mutu a miƙe. Daga baya a mayar da su itanol mai kashi 70 don rini.

A kula: fomalin guba ne, a ƙarƙashin murfin zuƙar iska kaɗai ake ɗumama shi. Kuma abin da ya taɓa fomalin ya fita daga sahun DNA, ko fifet ɗaya kada su haɗa.

Yanzu dalilin fensir. Bazarata ta farko na rubuta lambobi da alƙalamin maka mai tawada a bayan kwalabe 14. Murfin ɗaya ya yi yoyo a cikin akwati, itanol ya wanke rubutun duka. Samfurin yana nan lafiya, amma ban san wanne ya fito daga wane tafki ba, aikin wata guda ya tafi. Tun daga nan 'yar takarda ce da fensir a cikin kwalbar kanta, wata kuma a waje.

10. Lissafi da rubutawa

Kowane irin tsutsa da layinsa. Raba adadin masu cuta da adadin da ka buɗe, ka ninka da 100. Misali, 4 cikin 200 kashi 2 ne. Kullum ka rubuta lambobin biyu tare da kason, don kashi 2 daga 50 da kashi 2 daga 500 ba nauyinsu ɗaya ba. Ga waɗanda ake ƙirgawa, fitar da matsakaicin adadi a cikin masu cutar kaɗai. Matattun da ka zubar a mataki na 5 ba sa shiga lissafi, amma a faɗi yawansu.

Idan ba ka ga komai ba, ka rubuta "ban samu ba a cikin 100", sannan ka sake amfani da 3 ɗin nan: 3 a raba da 100, wato idan ma akwai, mai yiwuwa ba ta kai kashi 3 ba. Mai duba aikinka zai karɓi wannan, ba zai karɓi "babu" tsura ba.

11. Kashe shara, wanke kaya

'Yan tayin waɗannan ƙumba ido ba ya ganinsu, suna iyo a ruwa, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har kusan miliyan a shekara. Ruwan kofunanka da na jarka na iya ɗauke da su. Kada ɗigo ɗaya ya shiga kwata da rai. Tara duka a bokiti, zuba bilic kashi 1 cikin 10 na ruwan, ka bar shi ya kwana, ko ka tafasa. Ɓawo da nama a ɗaure a leda, a kai tukunyar turara kayan bincike, ko a daskarar a firiza na kwanaki kafin a zubar.

Takalmi, kula, tsummoki, buroshi da igiya kuwa, a jiƙa su a ruwan zafi na aƙalla digiri 45 tsawon minti 15, a shanya su bushe ƙarƙaf na kwana 2 ko fiye. Ka duba ƙasan takalmin da ɗinkin safar hannu da idonka, nan ƙananan ke maƙalewa. Idan kana da tafki biyu a rana ɗaya, ka tafi da kaya kashi biyu a ledoji dabam, ka fara da tafkin da ba a taɓa ganin ƙumbar a cikinsa ba.